Kwamfuta a ajin jami'a: tambayoyin da malamai, ɗalibai da iyaye ke yawan yi a arewacin Kamaru da Chadi

Waɗannan tambayoyi ne da nake ta ji suna maimaituwa: a ɗakin malamai, a bakin amfi, wato babban ɗakin lacca, bayan an tashi daga darasi, har a zaure idan dattawa sun tuna cewa a jami'a nake koyarwa. Na tara su wuri ɗaya, na amsa gwargwadon abin da na gani a nan arewacin Kamaru da abin da abokan aikinmu na Chadi ke fama da shi. Na fara da na farko-farko, masu zurfin suna gaba.

Wai me ake nufi idan an ce kwamfuta ta inganta karatu? Ba dai buga takarda da haska rubutu a bango ba ne?

Duk wanda ya taɓa zama a amfi ya san yadda awa biyu ke tafiya. Malam na tsaye yana karanto darasinsa, ɗalibai sun sunkuyar da kai suna rubutawa, na can baya suna ta kiran "Malam, a maimaita." Lokaci ya cika, an cike shafi shida, ba wanda ya buɗe baki ya yi tambaya, shi kuma malam bai san ko mutum goma sun gane ba. Wannan shifta ce, kuma ita ke cinye lokacin da ya kamata a yi tunani a cikinsa.

Babban aikin da kwamfuta za ta yi mana shi ne ta ɗauke wa malami shifta. Rubutun darasi ya isa hannun ɗalibi tun kafin ranar aji, sannan awa biyun nan a ɓata su wajen warware matsala, yin muhawara da gyara kuskure. Malamin da ya kwashe tsohon littafinsa ya zuba a PowerPoint, yana karantawa daga bango ɗalibai na kwafa, har yanzu shifta yake yi, sai dai ya ƙara mata kuɗin wuta.

Akwai hujja a kan haka. A 2014 wasu masana a Amurka ƙarƙashin jagorancin Scott Freeman sun haɗa sakamakon bincike 225 da aka yi kan darussan kimiyya, lissafi da injiniyanci a jami'o'i. Inda malami ke magana shi kaɗai, kusan kashi 34 cikin ɗari na ɗalibai ne ke faɗuwa. Inda ake sa su aiki a cikin aji, adadin ya sauko zuwa kusan kashi 22.

An raba wa ɗalibai kwamfutoci kyauta a Kamaru. Me ya sa ba mu ga aji ya sauya ba?

A 2016 gwamnati ta sanar da shirin raba kwamfutocin hannu 500,000 ga ɗaliban manyan makarantu, waɗanda kowa ya sani da PB HEV. Bashin sefa biliyan 75 daga bankin Exim na China ne ya ɗauki nauyin shirin, har da gina cibiyoyin fasahar zamani a jami'o'in gwamnati, aka kuma fara rabo a ƙarshen 2017. Ƙananan na'urori ne masu ma'ajiyar giga 32. Ban raina su ba, domin na san yaran da a kansu suka fara ɗora yatsa a madannai.

Amma na'ura ta shiga jakar ɗalibi, darasin da ake karanto masa kuma yana nan yadda yake. Ba wanda ya ba shi aikin da sai da kwamfuta zai yi, don haka ta zama ta kallon fim da jin waƙa. Ba mu kaɗai abin ya faru da mu ba. A Peru an raba wa yaran firamare ƙananan kwamfutoci masu ɗimbin yawa, binciken da aka fitar a 2012 ya nuna yaran sun iya sarrafa na'urar, amma lissafinsu da karatunsu ba su ƙaru ba. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen malami da tsarin darasinsa, abin da tambaya ta gaba ta ƙunsa ke nan.

Ni malami ne, ɗalibaina sun kai ɗaruruwa a aji ɗaya. Ta ina zan fara?

Malam, kada ka ce za ka juya dukkan darussanka a zango ɗaya. Ɗauki babi guda, wanda ka san a kansa ɗalibai suka fi faɗuwa. Buga shi tsaf, shafi huɗu ko biyar, ka mayar da shi PDF, ka tura wa delege, wato wakilin ɗaliban aji, kwana uku kafin aji. A ƙarshen takardar ka sa tambayoyi uku da za a zo da amsarsu a rubuce da hannu.

Ranar aji ka rubuta tambaya ɗaya a allo mai zaɓi huɗu, wadda sai an fahimta ake amsa ta, hadda ba ta isa. Kowa ya ɗaga yatsu daidai da zaɓinsa. Idan ka ga aji ya rabu, sai ka ce kowa ya juya ga maƙwabcinsa ya shawo kansa cikin minti biyu. Amfin zai kaure da surutu, kada ka tsorata. Ka sake tambaya, za ka ga yatsu da yawa sun koma kan amsar daidai, sannan ka yi bayanin abin da ya rage. Eric Mazur, malamin fiziks a Harvard, shi ya shahara da wannan hanya tun farkon shekarun 1990, kuma ba ta buƙatar intanet a cikin aji ko kaɗan.

Tsarin LMD (digiri na farko, na biyu da na uku) da jami'o'in yankinmu ke bi ya riga ya tanadi wannan. A kowane zango ana lissafa kiredit 30, kuma cikin sa'o'in kowane kiredit akwai rabon aikin da ɗalibi zai yi shi kaɗai, wato TPE. A wurare da dama TPE suna ne kawai a takarda. Takardar da ka tura kafin aji ita ce za ta ba shi rai.

Idan na ba su darasin a rubuce tun da wuri, ba za su daina zuwa aji ba?

Wasu za su daina, idan abin da ke aji shi ne dai abin da ke takarda. Ɗalibin da ke biyan kuɗin mota ko babur daga cikin garin Ngaundare zuwa Dang inda jami'a take, tafiyar kusan kilomita 15, yana da haƙƙin ya tambayi kansa me zai samu a can. Idan ya san a aji ake warware irin tambayoyin da ke fitowa a jarrabawa, kuma ƙananan ayyukan aji suna shiga makin CC, wato makin gwaje-gwajen cikin zango, zai zo. Da na gwada, waɗanda suka ɓace su ne waɗanda dama zuwa suke su sa hannu a takardar halarta su fice.

WhatsApp ya isa, ko dole sai Moodle?

Da aka rufe makarantu a Kamaru ranar 18 ga Maris 2020 saboda korona, har zuwa farkon Yuni, WhatsApp ne ya rufa wa yawancinmu asiri. Kowa na da shi, ba ya cin data da yawa, delege na iya isar da saƙo ga aji duka cikin minti ɗaya. Matsalarsa ita ce rashin tsari. Darasin da ka tura ranar Litinin, kafin Laraba ya nutse ƙarƙashin gaisuwa da sanarwar rasuwa da tallan atamfa. Wanda aka sace wa waya kuma ya rasa komai. Sannan 'yan'uwanmu na Chadi ba su manta ba cewa an toshe kafafen sada zumunta a ƙasar daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019. Bai kamata karatun shekara guda ya rataya a kan ƙofa ɗaya ba.

Moodle manhaja ce ta kyauta wadda Martin Dougiamas ɗan Ostareliya ya fitar a 2002, an gina ta ne musamman don koyarwa. Darussa na zama a jere mako-mako, ɗalibi ya miƙa aikinsa a ciki, malami ya ga wanda ya buɗe takarda da wanda bai buɗe ba. Manhajarta ta waya na barin ɗalibi ya sauke darasi lokacin da yake da intanet, ya karanta daga baya ba tare da ita ba. Ana ma iya ɗora ta a kan babbar kwamfuta guda cikin harabar jami'a, ɗalibai su shiga ta Wi-Fi na gida ba tare da sun taɓa datarsu ba.

Shawarata: ajiya a Moodle idan jami'arku na da shi, sanarwa a WhatsApp. Idan babu Moodle, ma'ajiyar fayiloli guda a Google Drive mai tsari ya fi babu, a kuma rufe zauren WhatsApp ɗin yadda malami da delege kaɗai ke iya turawa.

Data na da tsada. Bidiyo zan yi, ko murya, ko rubutu?

Yi lissafi da aljihun ɗalibi. Darasi mai shafi 50 da aka buga aka mayar PDF sau da yawa bai kai mega ɗaya ba. Shafukan nan dai idan aka ɗauki hotonsu da waya, kowane shafi na iya cin mega biyu ko uku, ga shi ba a iya neman kalma a ciki. Muryar awa ɗaya da aka matse a kilobit 32 ba ta wuce mega 15 ba. Bidiyon awa ɗaya mai kyan hoto kuwa yana iya kai giga guda. Yaron da iyayensa suka yi fafutuka kafin su haɗa jaka hamsin na rajistar shekara, ba adalci ba ne a ɗora masa giga a kowane mako.

Saboda haka rubutu ne tushe, murya ta biyo baya don bayanin wuraren da ke da sarƙaƙiya. Bidiyo sai inda ido ke da aiki, kamar warware lissafi mataki-mataki ko nuna yadda ake haɗa wani gwaji. Ko a nan ma a gajarta: wani bincike da aka yi a 2014 kan kallon bidiyo miliyan 6.9 a dandalin edX ya gano cewa hankalin masu kallo na raguwa sosai bayan minti shida. A tura wa delege babban fayil sau ɗaya, sauran su karɓa ta Bluetooth ko Xender ko kile, wato ɗan makullin USB.

Ga ɗaukewar wuta, ga zafi, ga ƙura. Yaya za a yi?

Wutar jihohin arewa uku ta daɗe tana dogara da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, mai ƙarfin megawat 72, wadda aka kammala a farkon shekarun 1980. Duk shekarar da ruwa ya ja baya, sai rabon wuta ya tsananta. Tashoshin hasken rana da aka kafa a Marwa da Gidar sun rage raɗaɗin, amma malami mai hankali yana shirya darasinsa ne kamar wuta za ta ɗauke a tsakiya: takarda ɗaya a aljihu mai ɗauke da tambayoyin ranar, da alli. Ga sashen jami'a kuma, ƙaramin farantin hasken rana da batir da zai riƙe majigi da na'urar Wi-Fi ya fi amfani a kan ƙarin kwamfutoci goma da ba abin kunna su.

Daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40 a Garwa, Marwa da Njamena. Kada a ɗora kwamfuta a kan katifa ko darduma, suna toshe mata hanyar iska. Ɗan katako ko faranti ya wadatar. Da hunturu kuma a riƙa rufe ta cikin jaka, a kai ta a hure mata fanka ko sau ɗaya a shekara. Idan wuta ta dawo, a ɗan jira ta daidaita kafin a soka caja.

Ni uba ne, ɗiyata ta samu shiga jami'a. Wayarta ta isa, ko sai na saya mata kwamfuta?

Alhaji, a shekarar farko waya mai kyau tana ɗaukar mafi yawan nauyin: karanta PDF, sauraron darasi, amsa gajerun tambayoyi. Amma ba a koyon rubuta rahoto ko lissafin Excel da babban yatsa a kan gilashi. Idan fanninta kimiyyar kwamfuta ne, ko injiniyanci, ko ilimin taswira, tana buƙatarta tun yanzu. Sauran fannoni kuma kada a bari ta kai shekara ta uku ba ta da ita.

Ba sai sabuwa ba. Ta gwanjo irin wadda ofisoshi suka yi amfani da ita sau da yawa ta fi sabuwa mai araha ƙarko. A duba RAM ya kai giga 8, ma'ajiya ta zama irin mai sauri da ake kira SSD ko da giga 256 ce, madannai su zama AZERTY idan da Faransanci take karatu. A cire caja a shagon, a zauna a ga yadda batir ke sauka kafin a biya. Kuma ina roƙo, idan an saya, a bar mata ita. Na sha ganin kwamfutar da aka saya da sunan yarinya ta koma hannun yayanta, ita kuma tana bin ƙawaye aro a daren miƙa aiki.

Ɗakin gwajinmu ba kayan aiki. Kwamfuta za ta iya maye gurbin TP, wato darasin gwaji da hannu?

Tana iya share fage, amma ba ta maye gurbi. Jami'ar Colorado na da tarin gwaje-gwajen kwaikwayo na kyauta mai suna PhET, wanda Carl Wieman, mai lambar Nobel ta fiziks, ya assasa a 2002. Ana sauke su a yi aiki da su ba intanet, da yawansu kuma an fassara su zuwa Faransanci da Larabci. Ɗalibi zai haɗa da'irar lantarki, ya ƙone ƙwai sau goma ba tare da asarar ko dala ba. GeoGebra na yin irin wannan a lissafi, QGIS a taswira, R a ƙididdiga, dukkansu kyauta. Mai binciken filin gona ko kasuwa kuma yana iya tattara amsoshi da KoboToolbox a ƙauyen da ba sabis, ya tura idan ya dawo gari.

Sai dai likitan dabbobi da bai taɓa riƙe saniya ba, ko masanin abinci da bai taɓa auna sinadari da hannunsa ba, karatunsa da saura. Amfanin kwaikwayon shi ne idan layi ya zo kan ɗalibi a ɗakin gwaji na gaske, ya riga ya san abin da yake nema, minti talatin ɗinsa ba za su tafi a banza ba.

Laburarenmu tsofaffin littattafai ne. Ina za mu sami sababbin bincike ba tare da biyan kuɗi ba?

Ƙofofin sun fi yadda ake zato yawa. Shirin Research4Life na bai wa jami'o'in ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi damar karanta dubban mujallu kyauta ko da kuɗi kaɗan: Hinari na lafiya tun 2002, AGORA na noma tun 2003. Jami'a ce ke rajista, don haka a tambayi mai kula da laburare lambar shiga. Masu karatu da Faransanci su duba shafukan HAL, Persée da OpenEdition. Binciken Afirka kuma yana shafin AJOL. Ƙungiyar jami'o'in ƙasashe masu amfani da Faransanci, AUF, na da cibiyoyin intanet a Ngaundare da Njamena. Inda intanet ke wahala, manhajar Kiwix na ɗauke da Wikipedia gaba ɗaya a kan kile ɗaya.

Duk ɗalibin da ya fara shirin memuwa, wato kundin binciken kammala karatu, ya sauke manhajar Zotero tun ranar farko. Tana ajiye sunan kowane littafi da ka karanta, ta jera maka manazarta da kanta a ƙarshe.

Ɗalibai na kwafo aiki daga intanet, yanzu kuma ga ChatGPT. Mu hana su ne?

Kwafe ya girmi intanet. A da ma ana sauya bangon tsohon memuwa a miƙa. Manhajoji irin su Compilatio da Turnitin na gano rubutun da ya yi kama da wanda ke intanet, amma ba su da tabbas wajen gano abin da na'ura ta rubuta, kuma zalunci ne a kayar da yaro bisa zarginsu kaɗai. Tun da ChatGPT, mai rubuta amsar tambayar da aka yi masa, ya fito a Nuwamba 2022, tambaya irin ta "bayyana ma'anar kaza" a matsayin aikin gida ta mutu.

Abin da ke aiki shi ne a ba da aikin da sai an taka ƙasa. A ce su je kasuwa su rubuta farashin gero da albasa na mako huɗu su fassara abin da suka gani, ko su tattauna da masunta uku a bakin Binuwai. A karɓi aikin mataki-mataki, tsari da farko, sannan daftari, sannan na ƙarshe. A kuma ware minti biyar kowane rukuni ya kare aikinsa da baki. Wanda bai yi da kansa ba, tambaya ta biyu ke tona shi.

Hanawa gaba ɗaya ba za ta yiwu ba, kuma ban ga alherinta ba. Yaron da ya tashi da Hausa ko Fulatanci a gida yana iya amfana idan na'ura ta sake masa bayanin sakin layi mai wuyar Faransanci. Amma a nuna musu a aji yadda take ƙirƙiro sunan littafin da babu shi, da marubuci da shekara, ba tare da ko ɗar ba. Duk abin da ta ambata sai an nemo shi a wuraren da na lissafa a tambayar laburare.

Wannan tsari ba zai bar 'ya'yan talakawa a baya ba?

Zai bar su idan malami bai kula ba, kuma wannan ne ya fi damuna. A makon farko ka raba 'yar takarda ba suna: wa ke da waya mai buɗe PDF, wa ke da kwamfuta, wa ba shi da ko ɗaya. Ka haɗa rukunai yadda kowanne ke da na'ura. Duk abin da ka tura ta waya, ka ajiye kwafinsa guda a wurin mai fotokofi. Kada ka sa wa'adin miƙa aiki da tsakar dare, domin ɗalibar da ke zaune gidan iyaye ko gidan miji ba za ta fita neman sabis ko caji a wannan lokaci ba. Maganar girman fayil da na yi a sama ita ma ta nan ce.

Kwamfuta za ta iya rage mini wahalar gyaran takardu?

A ƙananan gwaje-gwaje, sosai. Tambayoyi goma masu zaɓi a Moodle ko Google Forms suna gyara kansu, ɗalibi ya ga kuskurensa nan take maimakon bayan wata biyu, kai kuma ka ga cewa tambaya ta bakwai ce ta kayar da rabin aji, ka san inda za ka koma ranar Litinin. Babbar jarrabawar ƙarshen zango kuwa a bar ta a takarda, a ɗaki, da masu sa ido. Wuta da intanet ɗinmu ba su kai a jingina makomar yaro a kansu ba.

Memuwata tana kan kile ɗaya. Akwai matsala?

Akwai, babba. Wata ɗaliba ta taɓa shigowa ofishina tana kuka, saura kwana tara ta miƙa aikinta. Ta kai kile wani shagon buga takardu, da ta dawo sai ta ga duk fayilolinta sun koma gajerun alamomi da ba sa buɗewa. Allah ya taimake ta, irin wannan cutar ɓoye fayiloli take yi, ba ta goge su. Muka sa kwamfuta ta nuna ɓoyayyun fayiloli, sai ga babi huɗu sun fito. Da ta bi shawarar mai shagon ta wanke kilen, da aikin shekara ya tafi.

Ki ajiye aikinki wuri uku: a kwamfuta, a kile, sannan duk daren Juma'a ki tura wa kanki ta imel. Ki riƙa sa kwanan wata a sunan fayil, kada ki riƙa rubuta sabo a kan tsoho. Idan za ki kai bugu, ki mayar da shi PDF ki tura wa mai shagon ta WhatsApp, kilenki ya zauna a jaka.